A Bayan Tankar Ruwa

Duk gidan burodin nan babu wanda ya san sunansa na yanka in ban da mai biyan albashi. Baba Weji ake ce masa, shi ma in ka kira shi da wani sunan sai ya waiga ya ga da wa ake. Sunan ya samo asali tun yana ɗan ƙaramin yaron mota, lokacin da aikinsa bai wuce ya diro da gudu in babbar mota ta tsaya a gangara ba, ya cusa mata guntun katakon nan da ake kira weji a ƙarƙashin taya don kada ta sulale baya. An ce katakon ya kusa kai shi tsawo. Ya girma, ya kama sitiyari, ya yi furfura, amma sunan ya ƙi sakinsa.

Mutum ne da in ka cire tuƙi daga rayuwarsa, abin da zai rage ba zai cika cokali ba. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba. In mai ɗakinsa ta aike shi cefane sai ya dawo da ruɓaɓɓen tumatir yana yabon kirkin mai sayarwa. Zaman hira a ƙofar gida ma bai iya ba, ranar hutu sai ka same shi yana wanke motar da ya riga ya wanke. Ya ja babbar mota yana saurayi, ya ja bas bayan ya yi aure, da gwiwa ta fara ƙorafi ya koma jan motar burodi. Abin alfaharinsa a duniya ɗaya ne: bai taɓa buge ko kaza ba. Ya faɗa, ya sake faɗa, har 'ya'yansa suka haddace. In ya ɗauko zancen, Auta, ƙaramar 'yarsa mai aiki a shagon magani, ita ke ƙarasa masa, ya harare ta yana murmushi. Ita kaɗai ce cikin 'ya'yan ta yarda ya koya mata mota, sauran duk faɗansa ya kore su tun ranar farko.

Abin ya fara ne da gilashin gaba. Wata safiya ya ga kamar an shafa masa maiƙo, ya sa sabulu ya wanke, ya goge da jarida, bai fita ba. Ya ce laifin robar goge gilashi ne, aka canza. Ya ce masu wankin mota ne suke amfani da tsumma mai mai, ya yi musu tas, har ɗaya ya kusa kuka. Sai ranar da ya sauko daga motar, ya ɗaga kai ya dubi bangon gidan burodin, ya ga maiƙon ya biyo shi har can. Ya rufe idon hagu, ya buɗe, ya rufe na dama. A tsaye yake, amma sai da ya nemi jikin mota ya dafa.

Bai gaya wa kowa ba. Wa zai gaya wa? Manaja mutumin kirki ne, amma kirki ba ya sa a bar makullin mota a hannun wanda ba ya gani. Asibiti kuwa tsoronsa yake ji fiye da yadda yake tsoron hazon, don a ganinsa da zarar likita ya buɗe baki ya ba abin suna, shi ke nan, magana ta fita. A gida sai ya koyi dabaru. Ya daina karɓar waya a gaban mutane. In baƙo ya yi sallama, sai ya bari ya ƙara magana kafin ya ambaci sunansa. Rannan ya zuba sukari a gefen kofi maimakon ciki, mai ɗakinsa ta dube shi ta ce, "Baban Auta, tururuwa kake ciyarwa yanzu?"

"Hannuna ne ya goce," in ji shi.

"Kwanan nan dai hannun naka ya cika gocewa."

Ya yi kamar bai ji ba, ya kurɓi shayinsa babu zaƙi.

Ba makantar kanta ce ta fi tsorata shi ba, yinin da zai biyo bayanta ne. Ya ga yadda maigidansa na farko ya ƙare, wanda ya koya masa mota. Mutumin da in ya yi gyaran murya duk tasha ke natsuwa, da aka karɓe makulli daga hannunsa sai ya koma kan wata kujerar roba a ƙofar gida, yana bin motoci da kai, hagu, dama, kamar mai kallon ƙwallo. Bai yi ciwon kirki ba, haka kawai ya yi ta raguwa har ya tafi. Duk lokacin da Baba Weji ya tuna kujerar nan sai tambayoyi su taso masa. In an tashi da safe ba inda za a, me ake yi da rana? Ina ake ajiye hannuwa? Ya tambayi kansa ya fi a ƙirga, bai taɓa samun amsa ba.

Ana nan sai Manaja, don ya sauƙaƙa wa tsoho, ya cire shi daga zagayen shaguna ya ba shi kai guda: ya ɗauki burodi daga gidan burodi ya kai ɗakin cin abincin ma'aikatan wata masana'antar takalma da ke can ƙarshen gari, ya dawo. A nan dabarar ta faɗo masa, kuma gaskiya ba kowane kai ne zai ƙirƙiro ta ba sai kan direba. Jikin gidan burodin akwai wurin da tankoki ke ɗibar ruwa, kuma akwai wata tanka mai launin ruwan ɗorawa da take kai ruwa wannan masana'antar kowace safiya. Fuskar mutum ta ɓace wa Baba Weji, rubutun allo ya ɓace, amma ƙaton abu mai launin ɗorawa da jajayen fitilu biyu a gindinsa, wannan kam yana gani.

Sai ya zama yana gama lodi ya tada mota ya jira. Tanka na fitowa ya manne mata. Ta taka birki, fitilunta su yi ja, ya taka. Ta kauce wa rami, ya kauce. In mutum ya gitta, ita za ta fara ganinsa ta tsaya, shi ma ya tsaya, ba tare da ya san ko mutum ne ko akuya ba. A masana'anta a sauke masa burodi, ya yi ta goge-goge a jikin mota har tanka ta juye ruwanta, su juyo tare. Direban tankar, wani mai yawan barkwanci da ƙatuwar murya, ya lura, amma ya ɗauka ƙauna ce.

"Baba Weji, kai kullum a bayana kamar jela? Ka wuce mana, ko hayaƙina ne ke maka daɗi?"

"Ina kula da tuƙinka ne," in ji Baba Weji. "Yaran yanzu sai da sa ido."

Su yi dariya, kowa ya kama ƙofarsa. Da ya rufe tasa, dariyar take ɗaukewa kamar an kashe rediyo. Ya san abin da yake yi. Ya san ranar da tankar nan ta kwana a gareji, ko direbanta ya tashi da zazzaɓi, asirinsa ya tonu. Kullum da addu'ar lafiyar mutumin yake fita, fiye da yadda yake wa kansa. Haka aka yi ta tafiya, damina ta wuce, sanyi ya shigo.

Ranar da abin ya faru ba ta zo da wata alama ba. An yi lodi, burodin da zafinsa har ƙamshi ya cika gaban mota. Tanka ta fito, ya bi ta. A babban shataletale aka samu cunkoso, masu babur suka yi ta kutsawa tsakaninsu, wata bas ta sako kai ta raba shi da tankar. Ya miƙa wuya har goshinsa na taɓa gilashi, yana lalube cikin hazo, rana kuma ta fito ta dake shi a ido, komai ya zama fari. Can bas ɗin ta janye, sai ga launin ɗorawa da jajayen fitilu biyu. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce alhamdu lillahi, ya manne.

Ba a yi nisa ba jikinsa ya fara ba shi labari. Direba da mazauninsa yake sanin hanya kafin idonsa. Ya kamata a ce yanzu an tsallake layin dogo, motar ta yi girgizar nan da ke sa tiren burodi ƙara a baya. Ba ta yi ba. A ce yanzu warin fatar da ake jima ya shigo ta taga. Bai shigo ba. Kwalta ta yi sumul a ƙarƙashinsa, hayaniyar gari ta ja baya, iska ta fara kaɗa gefen mota irin yadda take yi a fili. Ya ce wa kansa ƙila gyaran hanya ake, an karkatar da motoci. Ya sake cewa ƙila mai ƙatuwar murya zai biya ya sha mai. Ƙarya yake wa kansa, kuma ya sani.

Ga inda mai ido zai ce, to me ya hana shi tsayawa? Ai sai ya sa sigina ya gangara gefe. Faɗa da baki ke nan. In ya saki tankar nan, da me zai ga gefen? Ina kwalta ta ƙare, ina rami ya fara? Manyan motoci na wuce shi, ƙararsu kawai yake ji da iskar da ke jijjiga shi. Abu ɗaya ne tak a duniya yake gani sosai, kuma abin yana tafiya da shi inda bai sani ba. Tanka ta ƙara wuta, shi ma ya taka totur. Tafin hannunsa ya jiƙe har sitiyari na zamewa. Addu'ar da ya kama ta kakkarye, sai farkonta yake ta maimaitawa. Ya san hanyar ba tasa ba ce, amma ya ci gaba da bi, don bin ya fi masa sauƙi a kan ya tsaya shi kaɗai.

Daga bisani fitilun suka yi ja suka daɗe. Tanka ta sauka daga kwalta, ya bi ta kan tsakuwa, ta tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe. Ya ji an ja ƙofar, ya ji direban ya leƙo yana gaisawa da maigadi. Siririyar murya ce, bai taɓa jin ta ba. Wata tankar ce daban, launin ne kawai ɗaya. Ta shige, aka mayar da ƙofa, maigadi ya ƙwanƙwasa masa gilashi.

"Malam, lafiya? Nan wurin gini ne, ba mu yi odar burodi ba."

"Kwana zan yi in koma," in ji Baba Weji, da wata murya da shi kansa bai gane ta ba.

"To yi ka ba mu wuri, motar siminti na tafe."

Da ya faɗi gaskiya a nan, da an huta. Amma maigadin ya ce "malam" cikin gundura, irin yadda ake wa wanda bai iya mota ba, kuma girman kai na tsohon direba ya motsa. Kwana ɗaya ce, ya yi irinta sau nawa a rayuwa? Ya sa giyar baya, ya dubi madubi, bai ga komai ba sai fari da wani duhu-duhu da ya ɗauka tarin yashi ne. Ya saki kuloci a hankali. Motar ta ja baya, ta ƙara ja. Sai ya ji ƙaf, katako ya karye, wani abu ya fashe a ƙarƙashin taya, sannan ihun mace ya tsaga wurin.

"Wayyo ɗana! Ɗana!"

Bai san yadda ya fito ba. Ya dai tsinci kansa a durƙushe a bayan mota, yana lalube da hannu biyu cikin tsakuwa. Ya taɓa ƙafar tebur a karye. Ya taɓa lemo, wani lafiyayye, wani a fashe, ruwansa na bin yatsunsa, bai san ko ruwan lemo ba ne ko wani abu. Ya kutsa kai ƙarƙashin mota, ƙarfen salansa ya ƙona masa kafaɗa bai ji ba. Hannunsa ya faɗa kan tabarma, da zane a shimfiɗe a kanta, da ɗan ƙaramin matashi. Zanen da ɗumi. Ya shafa daga wannan gefe zuwa wancan, ya kai hannu har gindin taya, yana cewa, "Ina yake? Ku nuna mini, ina yake?" Mutane sun taru, kowa na magana, shi ba ya jin komai sai bugun da ke cikin kunnensa.

Sai jariri ya tsala kuka, daga sama, can bayan mutane.

Mai shayin da ke kusa ce ta ɗauke shi ɗazu, da ta ga rana ta kai kan tabarmar, uwar kuwa ta tsallaka kai wa wani lebura lemo, ba ta sani ba. Mai lemon ta fizge ɗanta ta rungume, tana duba hannu, tana duba ƙafa, tana kuka. Da ta tabbatar lafiyarsa ƙalau, tsoron ya juye ya zama masifa, ta yo kan Baba Weji da ke zaune dirshan a ƙasa.

"Tsoho da kai! Da furfurarka! Tebur guda a bayanka, da rana tsaka, ka hau shi kamar ka sha wani abu? Da yaron nan na wurin fa? Ka ce mini me?"

Ya ɗaga kai wajen da muryar take. Inuwa kawai yake gani mai motsi.

"'Yata," ya ce, "ba na gani."

"Ba ka gani kamar yaya?"

"Idona ya tafi. Ya daɗe. Ko fuskarki ba na gani."

Shi ne karo na farko da maganar ta fita daga bakinsa, kuma ga wadda bai sani ba, a wurin da bai san sunansa ba. Wani ya ja salati. Maigadi ya ce, "Kuma a haka ka biyo babbar hanya?" Mai lemo ta tsaya tana jijjiga ɗanta, ta buɗe baki za ta ci gaba, ta fasa.

Baba Weji ya lalubo waya daga aljihu, ya miƙa sama.

"Don Allah wani ya duba mini. An rubuta Auta. Ku gaya mata inda nake, ni ban sani ba."

Mai lemon ce ta karɓa. Ya ji ta tana kwatance, bayan gidan mai, kusa da sabon gini, da murya irin ta wadda ba ta gama hucewa ba. Ta gama ta ajiye masa wayar a cinya, ta koma tsintar abin da ya rage na lemonta. Mai shayi ta kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Duk mota da ta wuce a kwalta sai jikinsa ya zabura.

Auta ta iso a bayan babur da farar rigar aikinta. Ya gane takunta kafin ta yi magana. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi sauƙi. Ta tsuguna ta kakkaɓe masa ƙurar gwiwa, ta duba ƙunar kafaɗarsa, ta tashi ta je ta ba mai lemo haƙuri, suka daidaita a kan tebur da kayan da suka lalace. Sannan ta dawo ta tsaya a gabansa.

"Baba, kawo makullin."

Makullin yana jikin mota, bai ma zare shi ba. Amma ya fahimci ba wannan take nufi ba. Ya ce, "Yana ciki. Ki ja kujerar gaba, ƙafarki ba za ta kai ba."

Ta kama hannunsa ta zagaya da shi ɗaya ƙofar. Ban da ranakun da ya koya mata tuƙi, rabonsa da zama a wannan gefen tun yana yaron mota. Kujerar ta yi masa wani iri, gaba fayau, babu abin riƙewa. Auta ta tada mota, ta hau kwalta, ta juya akalar zuwa gari. Ƙamshin burodin ya tafi, ya huce tuni.

"Gobe za mu asibitin ido," ta ce. "In yanar ido ce, ana cirewa. Mutane da yawa suna warkewa."

"In ba ita ba ce fa?"

"Ban sani ba, Baba."

"In sun cire, za a bar ni in sake tuƙi?"

"Shi ma ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Tsoron bai tafi ko'ina ba, yana nan zaune a ƙirjinsa, sai dai yanzu ba shi kaɗai ya san da shi ba. Da hayaniyar gari ta fara dawowa, Auta ta rage gudu.

"Mun kusa mararraba. Gida zan kai ka ka huta, in je in yi wa Manaja bayani? Sai in ce ba ka da lafiya."

Ya so ya ce eh. Har kalmar ta zo bakinsa. Gida, ɗaki, a rufe ƙofa, wani ya je ya faɗa a madadinsa, gobe ma a ce ba shi da lafiya.

"A'a," ya ce. "Gidan burodi. Ni na karɓi makullin nan daga hannunsa, ni zan mayar masa. Kuma ni zan gaya wa mamanki."

Ta sa sigina. A gabansu wani abu ya yi ja cikin hazon, ƙafarsa ta dama ta zabura ta danna ƙasa da ƙarfi, inda babu birki, babu komai sai shimfiɗar roba. Motar ta tsaya a hankali, a ƙarƙashin ƙafar Auta. Ya janye tasa ƙafar, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa, ya sauke su, ya sake ɗorawa.

"Kin yi saurin sakin kuloci ɗazu," ya ce.

"To, Baba," in ji ta, tana share ido da bayan hannu. "Zan gyara."